Takarkarin da Na Sassaƙa wa Baffa

Marigayi mahaifinmu masassaƙi ne, a wani ƙauye kusa da Nahuce cikin ƙasar Bunguɗu. Turmi da taɓarya yake yi, da akushi, da 'yar kujerar da mata ke zama a kanta wurin girki, idan damina ta gabato kuma ya koma ƙotar fartanya. Mu biyu ne maza a gidan. Yayana ya zauna a kan sana'a, ni kuwa aka sa ni boko, na wuce har na zama malamin firamare. Iyakar abin da na taɓa yi a wurin aikin mahaifinmu shi ne kwashe sassaƙe in kai cikin gida a hura wuta. Ko gizago ban iya riƙewa ba, kuma abin bai taɓa damuna ba. Sai da na haura shekara arba'in sannan na zauna da itace da wuƙa, ba kuwa don sha'awar gado ba. Wani tsoho nake neman hanyar yi wa godiya, na rasa.

Lokacin da na haɗu da shi ina koyarwa a wani ƙauye cikin ƙasar Tsafe, iyalina kuma suna Gusau. Ranar Litinin da sassafe nake hawa babur in tafi, ranar Juma'a in dawo. Daga ƙauyen zuwa kwalta burtali ake bi, kuma akwai wata ƙorama da ake tsallakawa, wadda da rani ko ruwan alwala ba ka samu a cikinta. Wata Juma'a ana tsakiyar damina na taso ina sauri in sami salla a Tsafe. An yi ruwa mai yawa a wajen duwatsu, amma a inda muke ko yayyafi ba a yi ba. Na iso ƙoramar na tarar da ruwa jawur yana gudu, bai kai gwiwa ba. Na bi ta gefen da na saba bi. Ashe ruwan ya riga ya cinye ƙarƙashin gaɓar. Tayar gaba na hawa, ƙasar ta rufta, muka koma ciki tare, babur a sama ni a ƙasa.

Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Ƙasa da gwiwa ne ya karye. Rabin jikina na cikin ruwa, babur ya danne ni, waya ta jiƙe, ko da ba ta jiƙe ba ma wurin ba a samun sabis. Na yi ta kira har murya ta dushe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani dutse da nake gani ɗazu a tsakiyar ƙoramar, na sake dubawa na ga ruwa ya rufe shi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Can sai na ji hucin dabba a kaina. Na ɗaga ido, ga wani farin sa tsaye a bakin gaɓa ya sunkuyo yana kallona. Kunnuwansa baƙaƙe ne, ƙahonsa ɗaya ya miƙe sama, ɗayan ya lanƙwaso ƙasa kamar lauje. A bayansa wani dattijo ne siriri da malfa da sanda, yana riƙe da igiyar hancinsa. Gishiri da kanwa ya sayo wa shanunsa, ya ɗora wa takarkarin suna komawa ruga.

Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya sauko cikin ruwan ya duba, ya ce, "Sannu, Malam. Kada ka motsa sai na ce."

Ya zura sandarsa ƙarƙashin babur, ya sa kafaɗa ya ɗaga, ya ce in ja jikina da hannu. Da na fita ya karyo rassan sabara, ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ƙafar. Daga nan ya sauke kayan gishirin ya ajiye a gindin wata bishiya, ya janyo san zuwa inda gaɓar ta yi ƙasa. Ya yi masa magana da Fulatanci a hankali, yana shafa wuyansa, san ya tsaya cak. Har yau ban san inda tsohon nan ya sami ƙarfin ɗaga ni ba.

"Rungumi tozon," ya ce. "Ba ya ka da kai."

Na rungume, na kifa fuskata a kai, na rufe ido. Ban ga hanya ba, ban ga komai ba. Ɗumin tozon nan kawai nake ji, da warin jikin dabba da ya jiƙe, da muryar tsohon yana yi wa san magana duk sa'ad da muka zo gangare.

Kwana goma sha ɗaya na yi a rugarsu. An kira maɗori daga wani ƙauye na kusa, ya ɗora ƙafar ya ce kada a ɗaga ni sai ta fara kamawa. Tsohon, wanda na fara kira Baffa tun rana ta biyu, shi ya taka da ƙafa har makarantarmu ya gaya wa hedimasta, hedimasta kuma ya sanar da iyalina. Bukkarsa ya bar mini, ya koma kwana a wajen garke. Matarsa, Inna, ita ke kawo mini fura da nono da hantsi, da tuwon dawa da man shanu in rana ta yi sanyi. Ba ta da yawan Hausa, ni kuwa ba ni da Fulatanci ko kaɗan, amma idan na rage abinci takan tsaya a bakin ƙofa ta zuba mini ido har sai na cinye. Daga inda nake kwance ba na hangen komai sai 'yar ƙofar bukkar da jeren ƙwaryar Inna. Shanun, jin su kawai nake yi, fitarsu da dawowarsu. Da ƙasa ta ɗan bushe aka samo a-kori-kura ta shigo ta ɗauke ni.

Da na warke na koma da kayan shayi da sukari da turmin atamfa na Inna. Suka karɓa da fara'a. Zan tafi sai na tarar an ɗaure mini ƙwaryar man shanu da zabi biyu a bayan babur. Na sake zuwa da wani abin, aka sake ɗaure mini wanda ya fi shi. Na gane in na ci gaba a haka, ɗora musu nauyi kawai nake yi. Na ce wa Baffa ban san yadda zan gode masa ba.

Ya ce, "Ai ka gode, Malam, na ji. Da kai ka tarar da ni, bari na za ka yi?"

Bayan shekara biyu aka maido ni Gusau da aiki. Daga nan hanyoyin ƙauye suka fara lalacewa da rashin tsaro, sai ka yi tambaya kafin ka bi burtalin da ka sani tun kana saurayi. Na yi ta cewa zan je in gaishe su in abubuwa sun lafa. Ba su lafa ba, ni kuma ban je ba. Ba zan ɗora wa hanya laifin duka ba. Akwai lokutan da ana bi lafiya, na bari suka wuce.

Wata rana da kaka na shiga kasuwar hatsi a Gusau zan auni gero. Ina wucewa ta gaban wani sito na ji an ce, "Malam, ƙafar ta ɗoru ke nan."

Na waiwaya. Wani tsoho ne zaune a kan buhun da aka shimfiɗa, yana tufkar igiya. Malfar ce na fara ganewa. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Ya ce tun daga nesa ya gane ni, don har yanzu ina ɗan ɗingisa ƙafar. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi Inna, ya ce tana nan lafiya, suna zaune a wani ɗaki a bayan gari. Sai na tambayi shanu.

Ya ci gaba da tufkarsa. "Babu su," ya ce. "An zo da safe, ana tatsa. Mutane da bindiga. Suka kora duka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban ƙara tambaya ba. Daga baya mai siton, wani Alhaji mai sauƙin kai, ya gaya mini cewa ƙauyen da nake koyarwa ma an taɓa shi a wannan shekarar, manoma da makiyaya kowa ya watse. Ya ce ya ɗauki tsohon gadin sito ne, ko da yake wasu sun ce masa kada ya yarda da mutumin daji. Ya ce tunda ya zo ko tsabar hatsi ba ta ɓata ba.

Na shiga zuwa wurinsa kusan kowane mako. Na roƙe shi su dawo gidana, akwai ɗaki, ya ƙi. Na kai musu abinci, Inna ta aiko wa matata da faifan da ta saƙa. Abin da ya faru a ruga shi ya sake faruwa a birni. Amma a wannan zaman na lura da wani abu. Duk sa'ad da motar shanu ta wuce, Baffa yakan dakata da magana, ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Alhaji ya ce ranar da kara, kasuwar dabbobi, ke ci yakan nemi izini ya tafi, ba don saye ko sayarwa ba, ya zaga kawai cikin shanun mutane ya dawo.

Ba ni da halin saya masa saniya, kuma na san ko ina da shi ba zai karɓa daga hannuna ba. Na yi ta juya abin a raina. Wata rana ina aji na ga wasu shanun laka da 'yan aji uku suka gina suka jera a taga su bushe, sai tunanin ya zo mini. Da aka yi hutu na hau mota zuwa Bunguɗu, daga nan na hau acaɓa zuwa gida.

Na tarar da Yaya a gindin tsamiyar da mahaifinmu ke aiki, yana fafe turmi. Bayan an gaisa an sha ruwa na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye gizagon ya dube ni.

"Sa kake so in sassaƙa maka?"

"A'a, Yaya. Ni nake so in sassaƙa. Koya mini za ka yi."

Ya yi dariya har ya dafa turmin. Ya kama hannuna ya juya tafin yana dubawa. "Da wanga hannun? Ai ko ɓawon gyaɗa sai ya ji masa ciwo." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sake ni. "Mi ya hana ka bari in yi maka? Kwana biyu na gama."

Na ce in shi ya yi, ya zama abin da na samo na kai, kamar sukari da atamfa. Ina so ne in ba tsohon abin da ba zai iya auna shi da komai ba, balle ya mayar mini da wani.

Sai ya kawo maganar da na san za ta zo. Ya ce mahaifinmu bai taɓa sassaƙa abu mai rai ba, ko tsuntsu a jikin akushi ba ya zanawa, kuma na san abin da malamai ke faɗa a kan mutum-mutumi. Na ce na sani. Kafin in taso na tambayi wani malami maƙwabcina a Gusau, ya ce magana ce da aka yi ta da yawa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci a kan ƙaramin abu irin na wasan yara, kuma in zan yi, kada in cika halittar. Na gaya wa Yaya ba zan yi masa ido ko baki ba. Ba zan ce hankalina ya kwanta gaba ɗaya ba, har yanzu ma in na tuna nakan yi istigfari. Yaya ya ce shi dai ba zai sa hannunsa a jikin san ba, amma zai nuna mini yadda ake bi da itace, sauran tsakanina ne da Ubangijina.

Tunda farin sa ne, ya ce aduwa za a nema, irin wadda ake allo da ita, don cikinta haske gare shi kuma ba ta saurin tsagewa in ta bushe. Ya shiga zaure ya fito da guntaye uku da suka rage daga aikin allo, kowanne bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba. Ya ba ni wata 'yar wuƙa ta mahaifinmu mai gajeren baki, ya nuna mini yadda ake wasa ta a dutse. Kwana uku ban taɓa aduwar ba. Wani reshen banza ya ba ni ya ce in yi ta fere shi har in gane ta inda itace ke yarda da wuƙa da ta inda yake ƙi.

"Itace jijiya gare shi," ya ce. "In ka bi ta sai ka ji wuƙar na tafiya da kanta. In ka ji tana cijewa, kai ne ka juya masa baya. Juya shi, kada ka ƙara ƙarfi."

Na ƙara ƙarfi duk da haka, a rana ta biyu, wuƙar ta zame ta shiga babban yatsana. Yaya ya yago tsumma ya miƙo mini ya koma kan turminsa. A kwanakin nan na yi hira da shi fiye da yadda na yi cikin shekara ashirin. Ashe akwai abubuwa da yawa game da mahaifinmu da ban sani ba, don ina makarantar kwana lokacin da suke faruwa.

Na koma Gusau da guntayen aduwa da wuƙar. Bayan la'asar nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zauna. Da fensir na fara zana san a gefen itacen, yadda nake zane a allon aji. Guntu na farko na ɓata shi cikin mako ɗaya. Na rage wuyan da yawa, kan ya fito dogo. Matata ta ɗauka ta juya shi ta ce, "Malam, wannan jaki ne aka sa wa ƙaho?" Na biyu ya fi kyau, har na fara jin daɗi, sai ina fafe tsakanin ƙafafu ta gaba ta ɓalle. Na buga wa Yaya waya. Ya ce wa ya ce in raba ƙafafun da ƙasa? In bar faifan itace a ƙarƙashinsu ya riƙe su, kamar san yana tsaye a kan tudu.

Saura guntu ɗaya, don haka na rage sauri. Wata rana ba na cire abin da ya wuce cikin cokali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na ga ban san sa ba, ni da na tashi cikin shanun noma. Ina gwiwar ƙafar baya take lanƙwasawa? Fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya, a ina take ƙarewa? Sai da na je kara sau biyu na tsaya ina kallo kamar mai saye, har wani dillali ya fara bi na. Abu biyu ne kawai ban yi shakkarsu ba, tozon da ƙahon. Tozon na yi shi babba, cikakke, yadda hannuwana suka san shi. Ƙahon da ya lanƙwaso kuwa na sa shi a hagu, don haka nake ganinsa duk sa'ad da na rufe ido. Ƙahonnin su suka fi ba ni wuya, na yi kwana biyar ina kankare su da fasasshiyar kwalba ina riƙe numfashi. Kunnuwan na ƙona su da kan ƙusa mai zafi suka yi baƙi, yadda ake yi wa akushi ado. Fuskar na bar ta sumul, ba ido ba baki. Daga ƙarshe na shafe shi da man kaɗe na goge da tsumma. Wata biyu da 'yan kwanaki aikin ya ci.

Ranar Asabar da hantsi na naɗe shi a hankici na tafi kasuwa. A hanya na ji kunya ta kama ni. Mutum ya rasa garke guda, ni kuma zan kai masa guntun itace. Na yi tunanin ko fama masa ciwo zan yi. Sau biyu na wuce siton ban tsaya ba.

Na zauna kusa da shi muka gaisa, muka taɓa maganar zafi da ya fara shigowa. Sannan na ajiye ƙunshin a gabansa na ce, "Baffa, ga wani abu na yi. Ban iya ba, koyo ne."

Ya ajiye igiyar ya kwance hankicin. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba. Sannan ya ɗauka da hannu biyu, ya ɗaga shi daidai fuskarsa, ya juya shi gefe, ya juya shi baya. Ya bi gadon bayan da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya. Na ji ya faɗi wata kalma da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ina jin sunan da yake kiran san da shi ne.

"Kai ka yi da hannunka?"

Na nuna masa tabon yatsana. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya koma kan san.

"Tozon ya yi yawa," ya ce. "Bai kai haka ba. Kuma ƙahon da ya karkace na dama ne."

Na ce a hagu na gan shi.

"Awo, hagunka. Kana kwance yana fuskantarka." Sai ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa tun haɗuwarmu a Gusau. "Yana ɗan maraƙi ya faɗa rami, ƙahon ya tashi a haka."

Na ce Allah ya isar masa a kan waɗanda suka tafi da shi. Ya girgiza kai.

"Shi ba su tafi da shi ba. Sun kora shi tare da sauran, amma ya tsufa, ba ya iya gudun da suke so. Suka bar shi a daji. Kwana biyu muna zaune ba mu san abin yi ba, sai ga shi ya shigo shi kaɗai, ƙafafu duk ƙaya. Ya je turkensa ya tsaya." Ya shafa ƙahon da yatsa. "Shi ya ɗauko mana kaya har Tsafe. Ranin nan bai ƙare ba ya kwanta. Ya daina cin ciyawa. Sa ba ya zama shi kaɗai, Malam. Da na ga ba zai tashi ba na kira mahauci, na ce a raba wa mutanen da suka ba mu masauki. Ni ban tsaya wurin ba."

Ya ci gaba da juya san a hannunsa. Masu dako suna ta wucewa da buhuna, wani yana kiran awo. Ina jiran ya ce zai aiko mini da wani abu, kamar kullum. Bai ce ba. Ya naɗe san a hankicin ya sa a aljihun gaban rigarsa, sannan ya ce, "Wuƙar da ka yi aikin, tana nan?"

Na ce tana gida.

"In za ka zo ka taho da ita."

Na kai masa. Mako uku wuƙar mahaifinmu ta yi a hannunsa. Duk zuwan da na yi sai in tarar da shi a ƙofar sito yana kankarar san a hankali, igiyar tana gefe. Ya rage tozon, ya zurfafa bayan haƙarƙari, ya fito da ƙashin ƙugu yadda yake fitowa a jikin tsohon sa, ya gyara saukar wutsiya. Hannunsa ya fi nawa sanin dabbar nesa ba kusa ba. Da ya gama, san ya ƙanƙance, amma ko ni da na gan shi sau ɗaya na san yanzu ne ya zama shi. Na ce ko in nemo wata aduwar in sake, a sa ƙahon a inda yake.

"Bar shi," ya ce. "Wanga wurin naka ne."

Ya sake shafa masa man shanu maimakon man kaɗe, ya mayar mini da wuƙar a wase.

Ba su kai damina a Gusau ba. Babban ɗansu ya sami gona aro a wajen Karakkai cikin ƙasar Bunguɗu, wani ɗan'uwan Baffa kuma ya yi alkawarin ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu, kamar yadda suke yi a tsakaninsu. Alhaji bai so tafiyarsa ba, amma ya haɗa masa buhun gero na iri. Ranar da za su tashi na nemi izini a makaranta na raka su tasha. Kayansu bai fi ƙunshi uku ba, sai jeren ƙwarya da Inna ta ɗaure a zane ta ƙi yarda a sa a bayan mota. Muna jiran mota ta cika ta yafito ni da hannu, ta ɗaga faifan da ke kan babbar ƙwaryar. San yana kwance a ciki a kan tsumma. Ta yi mini wata doguwar magana da Fulatanci.

Na tambayi Baffa me ta ce.

"Ta ce ka rame, ba ka cin abinci."

Direba ya buga mota. Baffa ya miƙo hannu ta taga muka yi musafaha, ya ce in gaishe da Yayana, tunda yanzu sun zama mutanen ƙasa ɗaya, wataƙila ma ya je ya sayi ƙota a wurinsa. Na ce zai ji. Motar ta fita ta hau titin Bunguɗu. Na ɗan tsaya a bakin tashar, sannan na tari keke na koma makaranta, na tarar an kusa fita tara.